Restic ya hana ni ƙona data a kan bakof ɗin da babu abin da ya canja

Jama'a salamu alaikum. Ni ke kula da rumbun bayanan MySQL na wata makarantar kuɗi a nan Kano, kuma abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne lokacin hutu, ba ɗalibi ba malami ba wanda ya shigar da ko sakamako ɗaya, amma kullum ƙarfe 2 na dare sai saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ta kwashe komai ta tura ma'ajiyar intanet a matsayin bakof, wato kwafin ajiya, data na tafiya a banza kuma kuɗin makaranta ne, amana ce a hannuna.

Da farko na gwada duba UPDATE_TIME, wato lokacin canji na ƙarshe da MySQL ke nunawa a cikin information_schema, don in gane ko an taɓa teburin bayanai. Kar ku dogara da shi wallahi. A InnoDB, injin da MySQL ke adana tebura da shi, da zarar saba ta mutu ta tashi lokacin ya goge, mu kuwa kun san yadda wuta take, sannan MySQL 8 yana riƙe tsohon lissafin har sakan 86400, wato kwana guda cur, sai in ka canja saitin da hannunka.

Shi ne na koma restic, manhajar yin bakof. Kyauta ne, Alexander Neumann ya fara shi da yaren Go, yadda yake aiki kuwa yana yayyanka fayil gunduwa-gunduwa kamar mega ɗaya-ɗaya, duk gunduwar da ya taɓa turawa ba zai sake tura ta ba. Daga sigar 0.17 da ta fito a 2024 suka ƙara zaɓin --skip-if-unchanged, in komai na nan yadda yake ko sabon kwafi ba zai buɗe ba. Wannan ya faranta min rai sosai.

Amma fa sai ka taimaka masa. mysqldump, umarnin da ke juye bayanan MySQL cikin fayil, yana rubuta kwanan wata a layin ƙarshe, don haka fayil ɗin jiya da na yau ba sa taɓa zama ɗaya, sai ka sa --skip-dump-date. Kuma restic yana kallon lokacin da aka taɓa fayil, shi ya sa nake fitar da sabon a wani wuri daban in gwada shi da tsohon da cmp, umarnin kwatanta fayil biyu, sai sun bambanta nake ɗora shi kan tsohon. Kar kuma ka matse fayil ɗin da gzip, manhajar rage girman fayil, kafin ka miƙa wa restic, canji kaɗan zai hargitsa gunduwoyin, shi da kansa yana matsewa tun sigar 0.14.

Inda ya gaza a wurina babu wani allo na dannawa, komai sai ka buga umarni, na sha wuya kafin in koya wa yaron da ke taya ni. Fasuwod kuma in ya ɓace shi ke nan ba mai iya buɗe maka, nawa na rubuta a takarda shugaban makaranta ya kulle a durowarsa. Duk ƙarshen wata nakan dawo da kwafi ɗaya a laftof ɗina in tabbatar yana buɗewa, har yau bai ba ni kunya ba.