Wata 14 ina amfani da Synology DS220+ a gida, ga abin da na gani

Ni dai aikina zane ne a kwamfuta, katin ɗaurin aure, kalandar biki, sitika, allon shago, wani lokacin har gyaran bidiyon walima in an kawo. A gida nake yi nan Hotoro, ɗan ɗakin da ke kusa da zaure na mayar ofis. Shekara da shekaru duk aikina a had disik ɗaya yake, irin na waje ɗin nan da ake jonawa ta USB. Wata Asabar da yamma ƙaramin yarona ya ja wayar ya faɗo daga kan tebur, kuma wallahi ba wani nisa ba ne. Na jona naji yana ƙas, ƙas, ƙas, kwamfuta ta ƙi ganinsa. Masu gyara 3 na kai wa, kowa yace allurar da ke karanta faifan ce ta taɓu. Aikin mutane na sake zanawa na ba su haƙuri, wannan mai sauƙi ne. Wanda ya tsaya min a rai shi ne muryar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da na naɗa yana ba mu tarihin gidanmu na Yakasai, a can kaɗai na ajiye ta.

Wani abokina da ke kula da kwamfutocin wani ofis shi yace min, mutumina NAS za ka saya ka huta. A lokacin ban ma san mene ne ba. Akwati ne baƙi, girmansa kamar babban burodi mai yanka-yanka, ana zura masa had disik 2 a ciki, sai a jona shi da rauta ta kebul, duk wata waya ko laftof da ke kan wayfay ɗin gidan za ta iya ajiya a ciki ta ɗauko. Kamfanin Synology na ƙasar Taiwan ne, wannan samfurin DS220+ kuma a 2020 ya fito, ni na hannu na samu mai tsabta aka yo min waybil daga Legas. Cikinsa akwai Intel Celeron J4025, RAM giga 2, ramin kebul na intanet 2 a baya, fanka ɗaya, USB ɗaya a gaba ɗaya a baya. Babu had disik a ciki fa, wannan kai za ka saya daban, kuma a nan ne kuɗi ke tafiya sosai.

Bari in tsaya a kan had disik ɗin don a nan aka so a cuce ni. Wani mai shago ya ɗauko min 2 a leda a rufe yace sababbi ne dal, nace to oga bari in gwada a gabanka, na zo da laftof da ɗan akwatin gwaji da abokina ya ara min. Akwai manhaja kyauta sunanta CrystalDiskInfo, tana nuna awa nawa faifai ya yi a kunne tun da aka ƙera shi. Na farko lafiya lau. Na biyu kuwa awanninsa sun fi na shekara 2 a kunne dare da rana, ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. Yace shi ma haka aka kawo masa, nace Allah ya sawwaƙe, na mayar masa da kayansa duka na fita. Don Allah duk wanda zai sayi had disik ya gwada kafin ya biya, leda ba shaida ba ce, kowa na iya rufe leda.

Daga baya na samu WD Red Plus guda 2, kowanne tera 4. Ku lura da kalmar Plus ɗin nan. A 2020 aka gano cewa wasu daga cikin WD Red na tera 2 zuwa 6 irin rubutun SMR suke yi, wato layukan rubutu suna ɗan hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, idan za a gyara layi ɗaya sai an sake rubuta na kusa da shi, shi ya sa suke nauyi in aiki ya yi yawa ko in ana sake cika faifai bayan an canza wanda ya mutu. Bayan nan ne aka ware Red Plus ga masu CMR, rubutu irin na da. In kaga WD40EFAX a jikin na tera 4 to SMR ne. Seagate IronWolf ma an yi shi ne don irin wannan akwatin, duk wanda ka samu da sauƙi a cikin biyun ya yi.

Haɗawar kam ba wahala, ko sukuddireba ban taɓa ba. Ka ciro murfin gaba, ka zaro tire, ka ɗora faifai ka maƙala roba a gefe da gefe, ka tura ciki. Ka buɗe burauza ka rubuta adireshin nemo shi da ke cikin takardarsa, sai ya sauke manhajarsa mai suna DSM, kamar wata ƙaramar Windows ce a cikin burauza. Na zaɓi SHR, ma'ana duk abin da ka ajiye ana rubuta shi a faifan biyu lokaci ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. To amma kar ka lissafa tera 8, tera 3 da rabi da 'yan kai za ka gani, rabi ya tafi wajen kwafi, sauran kuma bambancin lissafi ne, masu ƙera faifai da 1000 suke ƙirga ita kuma kwamfuta da 1024.

Satin farko raina ya ɓaci gaskiya. Ina tura fayil ina ganin mega 11 a sakan, bidiyon biki ɗaya sai in je sallar la'asar in dawo bai gama ba. Na kira abokina nace abin nan da ka sa na saya ai filash ɗina ya fi shi sauri. Yace injiniya kwantar da hankalinka, shiga wajen saitin netwok ka karanto min lambar da ke wurin. Na duba naga 100. Yace to ai nan take, ya kamata ka ga 1000. Ashe abu biyu ne suka haɗu min, ƙaramar rautar layin waya da nake amfani da ita raminta na kebul 100 kawai yake iya ɗauka, sannan kebul ɗin da wani yaro ya matse min kai, da muka sa a na'urar gwaji fitila 7 ce ta kama a cikin 8. Gigabit, wato 1000 ɗin nan, sai duk silin waya 8 ɗin nan sun haɗu, 100 kuwa da 4 ma yana tafiya, shi ya sa ba za ka gane akwai matsala ba, intanet na aiki kana ta murna. Na shiga Farm Centre na sayo suwich, wato ɗan akwatin da ke haɗa na'urori ta kebul, na TP-Link mai rami 5, TL-SG105, da kebul Cat6 na jan ƙarfe zalla, don akwai mai araha wanda alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, in ka kankare da reza za kaga fari a ciki kuma saurin karyewa gare shi. Na jona akwatin da kwamfutata duk a suwich ɗin, ita rauta ta zama mai kawo intanet kawai. Na sake tura bidiyon nan sai ga mega 110 da ɗoriya, na zauna ina kallon layin yana gudu kamar ba shi ba.

Sai maganar wuta, wadda ita ce babbar magana ga duk ɗan Kano. Akwatin nan ba shi da batir kamar laftof, in aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu to ɗif yake mutuwa, kuma had disik bai son haka ko kaɗan. Abin daɗin dai baya cin wuta, wajen wat 15 in yana aiki, in faifan suka yi barci bai kai wat 5 ba, ko ƙwan fitila mai ƙarfi ya fi shi ci. Ina da sola da ƙaramar inbata a gida amma duk da haka na sa masa UPS, ɗan akwatin batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai ramin USB a tsakani, saboda lokacin damina in aka kwana 2 ana hadari batir ɗina kan ƙare da asuba. DSM na magana da UPS ɗin ta wayar USB, in yaga batir ya yi ƙasa sai ya dakatar da komai ya sauke faifan cikin tsari, in wuta ta dawo ya tashi da kansa. Sannan na saita masa lokaci, ƙarfe 11 na dare ya kashe kansa, 7 na safe ya kunna. In baka da inbata ko UPS ni shawarata ka fara da su tukunna, kar ka zuba kuɗin nan ka jona a soket ɗin bango kai tsaye.

Zafi da ƙura ma sai an kula. A takardarsa an rubuta ana so ɗakin kar ya wuce digiri 40, mu kuwa a Afrilu kowa ya san yadda garin nan yake. Da farko a cikin kabad na ɓoye shi saboda yara, naga zafin faifan yana ta hawa, sai na fito da shi na ɗora a kan kanta sama inda iska ke ratsawa na kuma ƙara gudun fankar a saiti. Lokacin hunturu kuwa duk sati 2 nake kashe shi in zaro faifan in hure da bulowa, ƙurar da ke fitowa ja wur, sai ka rantse a bakin titi yake kwana. Ƙara kam ba shi da ita, sai ɗan gurnanin faifai in dare ya yi shiru.

Abin da ya sa mutanen gidan suka karɓe shi shi ne manhajarsa ta hotuna, Synology Photos. Na sa wa uwargida a wayarta, da ta shigo gida ta hau wayfay sai hotuna da bidiyonta su wuce akwatin da kansu ba tare da an ci data ba, kuma kowa da foldarsa da kalmar sirrinsa, ni ma bana ganin nata. Da can kullum sai tace Abbansu wayar nan ta cika, wanne zan goge. Yanzu ta daina. Ƙanina da ke karatu a Zariya ma yana shigowa ta QuickConnect, hanyar shiga akwatin daga nesa ta intanet, ya ɗauki takardunsa, sai dai yakan ce Yaya abin yana jan jiki, kuma ba laifin akwatin ba ne, ƙarfin turawa na layin gidana ne iyakarsa, takarda da hoto dai lafiya amma babban bidiyo sai da haƙuri.

Inda zan rage masa maki, kuɗin da yawa in ka haɗa akwati da faifai 2 da UPS da suwich. Giga 2 na RAM ya yi kaɗan in ka tara manhajoji, ranar da na zuba masa hotunan shekaru ya kwana yana tantance fuskoki komai ya yi nauyi, sai da na ƙara masa giga 4 a ramin da ke ciki ya koma 6 sannan ya saki jiki. Saitin babu Hausa a ciki, wanda bai saba ba zai buƙaci mai nuna masa a ranar farko. Wanda ya biyo bayansa a 2023, DS224+, ya fi shi ƙarfin inji amma RAM ɗin da ramin kebul duk ɗaya ne, don haka in ka samu wannan na hannu mai kyau ban ga dalilin ƙin sa ba. Wanda hotunan waya kawai yake son ajiyewa kuwa had disik na waje guda 2 sun ishe shi, ya dinga kwafa a duka biyun.

Abu ɗaya da nake so a gane, faifai 2 a akwati ɗaya ba shi ne ka tsira ba. In ka goge abu a duka biyun ya gogu. Ranar nan babbar 'yata ta goge foldar wani kwastoma gaba ɗaya bisa kuskure, Allah ya taimake ni na kunna kwandon shara tun farko, a can na tsinto ta. Ɓarawo kuma ko gobara ko tsawa, Allah ya kiyaye, akwatin ɗungurungum za su tafi da shi. Shi ya sa na sayi had disik na waje 2 ina amfani da manhajarsa ta kwafi mai suna Hyper Backup, ɗaya na jone a baya yana kwafa, ɗaya na gidan Hajiyarmu a Yakasai. Duk Juma'a in an sakko daga masallaci na je gaishe ta sai in musanya su, ita ta ba ni wuri a cikin durowarta ƙarƙashin zannuwa.

Wata 3 da suka wuce yayarmu ta turo min wani guntun murya da ta tsinta a tsohuwar wayarta, ashe na taɓa tura mata wani yanki na hirar nan ta Baba, minti 6 ne kacal a cikin kusan awa guda. A daren na sa shi a akwatin, na kwafa a na waje, ranar Juma'a na tafi da shi Yakasai na kunna wa Hajiya a waya kafin in sa faifan a durowa. Ta saurara har ƙarshe bata ce komai ba, sannan tace in sake sa mata daga farko.