Wuƙaƙen Aljihu a Faransa: Saƙo Zuwa Ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ka ce in ba ka labarin wuƙaƙen da nake tarawa a nan Faransa, da dalilin da ba na sayen masu araha.

Wuƙar da Faransawa suka fi taƙama da ita ana kiranta Laguiole, sunan wani ƙauye ne a yankin Aveyron. Siririya ce mai naɗewa, mariƙinta sau da yawa na ƙaho, da ɗan hoton ƙudan zuma a gadon bayanta. Matsalar ita ce sunan ba mallakin kamfani ɗaya ba ne. Sai ka tarar da ita a kasuwar mako ana sayarwa yuro 10, da sunan da ƙudan zuman duka, alhali daga Sin ko Pakistan aka kawo ta. Ta hannun maƙeran Laguiole ko na garin Thiers, inda ake ƙera mafi yawan wuƙaƙen ƙasar, takan haura yuro 100.

A ido kusan ɗaya suke, sai ka riƙe. Ta arahar tana girgiɗi idan ka buɗe ta, akwai giɓi tsakanin ƙarfe da mariƙi, kuma ko ka wasa ta ba ta daɗewa ta dakushe. Ta gasken kuwa maƙerinta ya buga tambarinsa a jikin ruwan wuƙar, in ta samu matsala ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Wannan tambarin nake fara dubawa kafin kuɗi.

Ba na zagin kayan Sin, Yaya. Suna da masana'antun da ke yin wuƙa mai kyau da sunansu na kansu. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a ari sunan ƙauyen wasu a ci kasuwa da shi, su kuma masu sana'ar su rasa ciniki, kamar yadda kayan waje suka rage wa maƙeranmu kasuwa.

Kuma ba kowace 'yar gida ce mai tsada ba. Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890 a yankin Savoie, mai lamba 8 (lambar tana nuna girmanta) ba ta kai yuro 20 ba. Mariƙin katako ne, da zoben da ake murɗawa ya kulle ta. Akwai kuma Douk-Douk ta gidan Cognet a Thiers, tun 1929, wadda ta yi kasuwa sosai a Arewacin Afirka. Mai baƙin ƙarfe tana tsatsa in ka bar ta da laima, amma kaifinta sai ka gani.

A gida nake ajiye su, don doka a nan ta hana yawo da wuƙa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

In Allah ya kawo ni kafin babbar salla zan riƙo maka Opinel don fiɗa. Kai kuma ka sa maƙerin unguwarmu ya yi mini guda da kubenta, ya sa alamarsa a jiki. A gaida Inna.