A koma wa garanti ko a kai wa mai gyara?

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutar teburinka wata takwas da saye, amma sau uku tana mutuwa. Karon farko kamfani ya canja ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da take aiki da ita, na biyu ya canja madabod, babban allon da duk sassanta ke jone a kai, yanzu kuma sun ce wutar gidanka ce ta ƙona ta, garanti bai shafi wannan ba. Kana tambaya ko ka ci gaba da bin su, ko ka kai wa mai gyara na waje ka huta. Bari in ɗora biyun a sikeli.

Ta fuskar sauri babu gardama, mai gyara ya yi gaba. Kana tsaye zai buɗe, wani lokaci a ranar ka ɗauki kayanka, kamfani kuwa sai ka yi makonni kana jiran a kira ka. Ta fuskar aljihu garanti ne ya fi, tunda ba ka biyan kuɗin kaya ko na aiki. Waɗannan kowa ya sani.

Inda maganar take da nauyi shi ne wa zai gano ainihin ciwon. Ma'aikacin garanti yakan bi takarda ne: abin da ya mutu shi zai cire, ya sa wani, ya kunna, ya ga ta tashi, ya rufe aikin. Ba ruwansa da abin da ya kashe shi. To ram ya mutu, madabod ya mutu, a inji ɗaya cikin wata takwas. Ni zargina na farko yana kan fawa saflai, akwatin nan da ke karɓar wutar bango ya raba ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3. Idan yana ba da wuta mai tangal-tangal, duk sabon abin da aka sa zai ci shi a hankali. Na taɓa ganin irin haka a tawa: ana ta canja kaya tana ta sake mutuwa, sai da wani mai gyara ya jona mata nasa fawa saflai na gwaji, ta kwana biyu tana aiki ko gezau. Mai gyara na ƙwarai ya fi kamfani a nan. Sai dai wasu kwamfutocin da aka haɗa tun daga masana'anta suna da mahaɗar wuta ta musamman, wadda na kasuwa ba ya shiga.

Amma ranar da sukundireban wani ya taɓa ta, ka ba kamfani hujjar da yake nema ta soke garantin. A Amurka, hukumar FTC mai kula da kasuwanci da haƙƙin masu saye ta gargaɗi kamfanoni shida a 2018 cewa sitikar nan mai cewa garanti ya mutu in an ɓare ta ta saɓa wa dokar garanti ta Magnuson-Moss ta 1975. Wannan dokar Amurka ce, ba kowace ƙasa ke da irinta ba, don haka kada ka ɓare komai kafin ka duba ta inda kake.

Abin da zan yi in ni ne: in riƙe garantin, amma in daina zuwa musu hannu rabbana. Akwai binciken da ba ya buƙatar kwance ko noti ɗaya, in har tana iya tashi. Ka sa manhajar MemTest86 a filashi, ka bar shi ya kwana yana gwada ram. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka lafiyar faifan ajiya. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru da kwamfuta, ka nemi saƙon Kernel-Power 41. Ba zai gaya maka dalili ba, amma zai jera rana da lokacin duk da ta ɗauke ba zato, kuma wannan jerin ya fi "wallahi kullum sai ta mutu" ƙarfi a gaban ma'aikaci. Duba wace irin furosesa ce a ciki ma, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi. A 2024 Intel ya amince cewa wasu furosesansa na tebur zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda wuta mai yawa, har ya ƙara musu garantin shekara biyu.

Batun wutar gida kuwa, ka ce su ba ka shi a rubuce, da hoton wurin da ya ƙone. Da yawa faɗa ce kawai ta baki, in aka ce a sa hannu sai murya ta sauya. In kana amfani da UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, haɗa rasit ɗinsa.

Sannan ka canja abin da kake nema. Gyara na uku ba shi ne buƙatarka ba, ka nemi a ba ka wata sabuwa ko a maido maka kuɗinka, kuma ka nufi wanda ya sayar maka, ba masana'anta kaɗai ba. A Ingila dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba mai saye damar mayar da kaya ko neman ragi in gyara ɗaya ya gaza, a Tarayyar Turai kuma mai sayarwa yana da alhakin kayan aƙalla shekara biyu. Ka lura kuma, canja kaya ba ya sabunta garanti a yawancin kamfanoni, agogon na nan yana tafiya daga ranar saye. In naka na shekara ɗaya ne, wata huɗu ya rage maka, kuma jan ƙafarsu kai yake ci.

Kafin ka miƙa ta, in ta yarda ta tashi ko na awa ɗaya, kwashe fayilolinka, don sukan goge faifai ba tare da tambaya ba. Ɗauki hoton lambar siriyal, ka haɗa takardun gyara biyun farko da wasiƙar neman sabuwa ko kuɗinka. In sun ƙi a rubuce, sai hukumar kare haƙƙin masu saye. Mai gyara ka ajiye shi sai wannan ƙofar ta rufe, kuma in ka je, ce masa ya fara da fawa saflai.