Zango uku da Abba a makarantar da ba ta kore mu ba

Wata maƙwabciyata ta tambaye ni ko ta kai ɗanta makarantar da ɗana Abba yake, sai na ga gara in rubuta abin da na gani da idona. Ba zan kama suna ba. Ƙaramar firamare ce ta kuɗi a nan Kano, bene hawa ɗaya.

Abba shekararsa bakwai. Likita ya ce otizim ne, abin da wasu ke kira galahanga. Magana sai ɗai-ɗai, kuma ba ya jure ƙara. Makarantu biyu sun sallame mu kafin nan, a ta biyun ma cewa aka yi, "Hajiya, a fara kai shi ruƙiyya tukuna." Na ɗauki jakarsa muka fito, ban ce uffan ba.

A nan kuwa, ranar farko shugabar makarantar ba ta tambaye ni ko ya iya ABCD ba. Cewa ta yi, "Maman Abba, me ke tayar masa da hankali, me kuma ke kwantar masa?" Aka sa shi aji ɗaya cikin sauran yara, aka haɗa shi da wata malama da ta yi karatu a kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo, inda ake horar da malaman masu buƙata ta musamman.

Aikin malamar nan shi ne dalilin wannan rubutu. Abba ya kan ciji bayan hannunsa har ya yi jini, kullum da hantsi. Ba ta ɗauko bulala ba, ba ta kira ni ta ce in zo in ɗauke shi ba. Littafi ta buɗe, sati biyu tana rubuta ƙarfe nawa ya yi cizon, me ya faru kafin nan, me aka yi masa bayan nan. Ashe ƙararrawar tara ce, wani tsohon ƙarfen taya da maigadi ke doka wa a gindin tagarsu. Sai ta zana ƙararrawa a kati. Idan saura minti biyar ta nuna masa katin, su fita bayan aji, a buga, su dawo. Kafin ƙarshen zango tabon hannun ya bushe. Yanzu yana da katin ruwa, na banɗaki, na abinci, kuma wata 'yar ajinsu ta mayar da miƙo masa katin aikinta, ba wanda ya sa ta. Ran da ya miƙo mini katin ruwa a gida maimakon ya faɗi ƙasa yana birgima, sai da na shige ɗaki na yi kukana.

To, sai inda gizo ke saƙar. Malamar ita kaɗai ce. Da ta tafi haihuwa, sati uku Abba yana gida, don ba wanda ya san kan littafin nan. Kuɗinta kuma daban ake biya, ya kusa kamo kuɗin makarantar kansa. Abin ya kan tsaya mini a rai in na tuna dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar dominsu. Na leƙa ta gwamnati da ke kusa da mu, ko wurin zama babu a ajin, balle a yi zancen kati.

Akwai kuma benen. Daga aji huɗu a sama ake karatu, kuma akwai yarinya mai keken guragu da maigadi ke ɗauka cak kowace safiya. Shekara biyar dokar ta bai wa gine-ginen jama'a su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Na yi wa shugabar magana a taron iyaye, ta ce za a sauko da ajin ƙasa a zango mai zuwa. Muna nan muna jira.

Maƙwabciyata, ki kai shi. Amma kafin ki biya ko sisi, ki ce a nuna miki littafin da ake rubuta halin yaro, ki kuma tambaya wa zai zauna da shi ran da malamar ba ta zo ba.