Haruffan jikin a-kori-kura: wanne ya cancanci a biya masa kuɗi?

Duk wanda ya shiga wurin dillalan motoci a Kano da niyyar sayen a-kori-kura zai tarar da haruffa da lambobi manne a ƙofar baya da gefen kowace mota, kuma sau da yawa farashi yana hawa ne gwargwadon yawansu. Sai dai ba nauyinsu ɗaya ba: wasu suna bayyana inji, wasu yadda tayoyi ke jan motar, wasu kuwa kayan jin daɗi ne kawai.

Alamar inji ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A jikin Toyota Hilux, D-4D tana nuna injin gas mai fesa mai kai tsaye da matsi mai ƙarfi. Yana da jan kaya da tsimin mai, don haka ya dace da mai ɗauko buhunan hatsi daga Dawanau ko mai doguwar tafiya, amma gurɓataccen gas yakan lalata nozul ɗinsa, wato bakin da ke fesa man, gyaran kuma akwai tsada. VVT-i kuwa ta injin fetur ce, kamar mai lita 2.7, wanda ya fi shan mai, sai dai bakanikawanmu sun san shi ciki da waje, kuma kayan gyaransa ba su da wuyar samu a Ƙofar Ruwa. Ga mai zirga-zirgar cikin gari, a ganina, shi ya fi kwanciyar hankali.

Alamar 4x4 tana nufin tayoyi huɗu ne ke ja, 4x2 kuma biyu na baya. Wanda gonarsa take bayan rafi ko yashi yana buƙatar ta farko da damina. Wanda kuwa ba ya sauka daga kwalta, idan ya saye ta, zai biya kuɗin abin da ba zai mora ba. A nan ake yawan ruɗuwa da Toyota Tacoma 'yar Amurka, domin mai ɗauke da sunan PreRunner tana da tsayi da kamannin 4x4, alhali tayoyi biyu ne ke janta. Ita ma TRD, wadda sunan sashen tseren motoci ne na Toyota, ba ta tabbatar da jan tayoyi huɗu.

SR5 a Toyota, ko XL da XLT da Lariat a Ford, matakai ne na kujeru da rediyo da ado, daga na ma'aikata zuwa na masu hali.

Tunda da gam ake manna waɗannan haruffa, kuma ana sayar da su a kasuwa, mai saye ya tafi da bakanikensa ya leƙa ƙarƙashin motar ya ga ko akwai shaf mai kai juyi ga tayoyin gaba. A ciki kuma a nemi abin saka jan tayoyi huɗu, wato ƙaramar sandar giya ta biyu, ko maɓallin murɗawa a Hilux samfurin 2015 zuwa sama. Sannan a gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ta takardun kwastam: Hilux da lambarta ta fara da AHT ƙirar Afirka ta Kudu ce, mai MR0 kuma ta Tailan.