Tukuicin ma'aikatan jirgin ruwa na shaƙatawa: lissafin da ba ya fitowa a farashin tikiti

Daren ƙarshe ne, washegari jirgi zai koma tashar Mina Rashid ta Dubai. Muna cikin haɗa kaya sai na ga an zuro takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Na ɗauka sanarwar lokacin sauka ce, ashe lissafi ne: layi bakwai iri ɗaya, kowane dare da nasa, ni da uwargida, jimla ta haura sefa dubu ɗari. Ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Alhaji, me muka saya haka?" Na ce, "Hajiya, ba mu sayi komai ba, barci kawai muka yi."

Laifin ba na jirgin ba ne, domin maganar tana rubuce da ƙananan baƙaƙe cikin takardun da na sa wa hannu ban karanta ba. Wanda ya sayar mini da tikitin a Njamena ne ya ce, "Alhaji, komai na ciki," ni kuwa na yarda. Abin da ya sa na tono zancen shi ne ɗan yayata da ke Kuseri zai yi aure bayan damina, yana so ya kai amarya irin wannan tafiya. Ya turo mini farashi uku a WhatsApp ya ce, "Kawu, wanne ya fi araha?" Na ce masa ba zan iya faɗa ba sai na san yadda kowanne ke karɓar kuɗin ma'aikata.

A wurinmu tukuici abu ne na ganin dama. An aiko yaro da kwanon tuwo, ka ba shi ɗari biyu. Ɗan dako ya sauke maka buhu a kasuwa, ka ƙara masa na goro a kan ladansa. In ba ka bayar ba, ba mai biyo ka da takarda. A manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido sunan kawai ya rage. Kamfani ne ke yanke adadi, a kan kowane mutum, kowane dare, ya ɗora a asusun ɗakinka, sannan ya raba wa ma'aikata: mai gyaran ɗaki, masu kawo abinci, da waɗanda ba za ka taɓa gani ba, masu wanke-wanke da masu wankin zannuwan gado a can ƙasan jirgi. Yawancinsu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna shafe wata shida zuwa tara a kan ruwa, aiki kwana bakwai a mako. Wannan kuɗin babban ɓangare ne na abin da suke aikawa gida. Shi ya sa nake kallonsa a matsayin ladan aiki da aka ɓalle daga farashin tikiti don tallan ya yi kyan gani.

Tsarin da ka fi saurin cin karo da shi shi ne wannan na ɗorawa kullum, kuma a nan kamfanoni suka sha bamban ƙwarai. Zan kawo adadin shekarar 2024, tunda kusan kowace shekara sai an taɓa shi. MSC, wanda jiragensa ke zagaya Dubai da Abu Dabi da Doha lokacin hunturu, yana karɓar yuro 12 a dare a kan babba, yuro 6 a kan yaro mai shekara 2 zuwa 11, ƙasa da haka kyauta. Costa na Italiya yuro 11, yara daga shekara 4 zuwa 14 rabin kuɗi. Kamfanonin Amurka sun fi tsada. Carnival dala 16, ban da 'yan ƙasa da shekara biyu. Norwegian dala 20, ban da 'yan ƙasa da shekara uku. Royal Caribbean ya ɗaga nasa daga dala 16 zuwa 18 a Nuwamba 2023, ya sake kai shi 18.50 a Nuwamba 2024, kuma bai ware jariri ba. Dalar Amurka nake nufi fa, ba dalar kasuwarmu mai sefa biyar ba. Masu manyan ɗakuna kuwa nasu ya ɗara haka a yawancin kamfanonin.

Ga ango da amarya bambancin ba zai karya mutum ba. Dare bakwai a yuro 12 ya kama yuro 168, kimanin sefa 110,000. Amma mu ba mu cika tafiya mu biyu ba. Ɗauki magidanci da matarsa da yara huɗu: mai shekara 14, mai 9, mai 5, da na goye ɗan shekara guda. A lissafin Costa yuro 38.50 ne a dare, mako ya kama yuro 269.50, wajen sefa 177,000. A na MSC ɗan shekara 14 ya shiga sahun manya, dare ya zama yuro 48, mako yuro 336, sefa 220,000 da 'yan kai. A na Royal Caribbean mutum shida cur za a ƙirga, dala 111 a dare, dala 777 a mako, wanda in ka ɗauki dala a kan sefa 600 ya kama kimanin 466,000. Iyali ɗaya, dare bakwai ɗaya, amma tazarar ta kusa sefa dubu ɗari uku, kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai fito a babban farashin da aka rubuta da jan launi. Don haka mai iyali ya fara tambayar shekarar da yaro ke zama babba a wurin kamfanin, tun kafin ya tambayi faɗin ɗaki.

Da sauran rina a kaba. Duk abin shan da ka saya a jirgi ana ƙara masa kason hidima nan take: a 2024 kashi 15 cikin ɗari ne a MSC da Costa, 18 a Royal Caribbean, 20 a Norwegian. Wani zai ce ai shi ba ya shan giya, bai shafe shi ba. Ya shafe shi, domin lemon kwalba da ruwan gora da kofi na musamman duk suna ciki. A ƙasan rasit ɗin sau da yawa akwai wani layi da aka bari fari don wanda ke son ƙarawa. Na ga wani bawan Allah ɗan Marwa yana cika layin duk lokacin da aka miƙo masa alƙalami, wai kunya yake ji ya mayar da takarda ba komai. Sau biyu yake biya bai sani ba. Ka sa hannu kawai ka miƙa, an riga an cire.

Hanya ta biyu ita ce ka biya tun kana gida, a haɗa da kuɗin tikiti. Adadin ɗaya ne, ba rangwame, amma ni ita na fi so saboda dalilai da suka shafe mu musamman. A jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin ɗakinka shi ne mabuɗi shi ne aljihu, kuma a ranar shiga sai ka jingina shi da katin banki ko ka ajiye tsaba. In katin banki ne, ana riƙe wani adadi a matsayin jingina, ana ƙarawa yayin da lissafi ke hawa, kuma bayan ka sauka yakan ɗauki kwanaki kafin bankinka ya sake shi. Wanda ya taɓa tsayawa a kanti a ƙasar waje katinsa na Garwa ko Njamena ya ƙi wucewa ya san irin zufar. Ɗan kasuwar da zai sauka daga jirgi ya wuce Dera, unguwar kasuwanni ta Dubai, sarin kaya ba ya son kuɗinsa su maƙale. Bayan haka, wanda ya biya tun farko ya tsira in kamfani ya ƙara adadin kafin ranar tafiya.

Sai maganar kuɗin da za a biya da shi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane guda, jiya da yau. Abin da ka lissafa a shagonka shi za ka tarar. Dala kuwa hawa take tana sauka, ga ladan canji da banki ke yanka. Jirgin da asusunsa ke tafiya da yuro ya fi mana sauƙin lissafi, kuma wannan tambaya ce da dillalan tikiti ba sa kawo ta da kansu.

Akwai kamfanonin da suka narkar da kuɗin cikin farashi baki ɗaya. P&O na Ingila ya daina karɓarsa daban tun 2019. AIDA da Mein Schiff na Jamus haka suke. Na alfarma irin Silversea da Seabourn da Regent su ma komai na ciki, sai dai tikitinsu ba na kowa ba ne. Tsarin ya fi kwanciyar hankali, amma yawancinsu daga Turai suke tashi, ga wahalar bizar Shengen, ga harshe, domin a jiragen Jamus da Jamusanci ake komai. Jiragen Amurka da ke tashi daga Mayami ma sun yi wa mai fasfon Chadi nisa tun da Amurka ta sa ƙasar cikin waɗanda ta rufe wa ƙofa a Yuni 2025. Wanda ya fi kusa da zuciyar mutanenmu shi ne Aroya na Saudiyya, da ya fara tashi daga Jidda a Disamba 2024, ba giya a cikinsa, abinci halal. Shi ma kafin ka biya ka nemi a rubuta maka ko kuɗin hidima na cikin farashin.

Wanda ke son tukuici irin wanda ya saba da shi, hannu da hannu, ya duba jiragen kogin Nilu a Masar. Ƙanana ne, tsakanin Luksor da Aswan, dare uku ko huɗu, ana tsayawa a Edfu da Kom Ombo. A can bakshish ake ce masa. A ƙarshen tafiya ka sa abin da ya sawwaƙa a ambulan ka ajiye a teburin karɓar baƙi, a raba wa ma'aikata duka, mai yi muku jagora kuma nasa daban. Daɗinsa kai ke yanke adadi. Wahalarsa a Masar hannu ba ya ƙarewa: direba, mai keken doki a Edfu, mai gadin banɗaki, kowa na sa rai. In ba ka tanadi canjin fam ƙanana ba, sai ka riƙa ba da babbar takarda a inda ƙarama ta isa.

Na san tambayar da ke zuwa, don ɗan yayata ma ya yi ta: "Kawu, an ce ana iya zuwa a ce a cire." A Carnival da Royal Caribbean ana iya zuwa teburin baƙi a rage ko a sauya adadin kafin a sauka. MSC da Costa sun fi ɗaukarsa wani ɓangare na farashin tafiya, kada ka gina lissafinka a kan za a yafe. Amma ko inda ake iyawa, ni ban ga kyansa ba sai in da gaske an yi maka sakaci, kuma ko a nan gara ka kai ƙara tun ranar da abin ya faru a gyara. Wasu na cewa za su cire su ba wanda ya yi musu hidima da hannunsu. To mai wanke kwanon da ka ci abinci fa? Shi ba ya hawowa sama balle ka gan shi. Wanda kuɗin hidima ya fi ƙarfinsa, tafiyar ce ta fi ƙarfinsa, ya rage dare ko ya ɗauki ɗakin ciki marar taga.

Ƙari a kan wanda aka yanke ba dole ba ne, sai dai yaba kyauta tukuici. Mai gyara mana ɗaki ɗan Indonesiya ne, Musulmi. Tun rana ta biyu da ya ga darduma a kan kujera, kullum sai ya bar tawul na daban a bakin banɗaki saboda alwala, in jirgi ya tsaya a tasha kuma ya nuna mana alƙibla ba mu tambaya ba. Ranar sauka Hajiya ta naɗe yuro ashirin ta ce, "Alhaji, ba shi wannan, kada ka bari sai a gaban mutane." Na miƙa masa a bakin ƙofa, ya karɓa da hannu biyu. Haka masu ɗaukar kaya a bakin tasha da direbobin da ke kai ku yawo a gari: ba ma'aikatan jirgi ba ne, ba su da kaso a abin da aka cire maka, nasu sai daga aljihu. Sefa ba ta da amfani a can, kuma tsabar ƙarfe ta waje wahalar canzawa gare ta, takarda ake bayarwa.

Ga yadda muka yi da farashi ukun nan. Na sa ya koma wurin dillalin ya tambayi abu huɗu a rubuce, ba da baki ba: nawa ne kuɗin hidima a dare, yana cikin wannan farashin ko a jirgi za a karɓa, da wane kuɗi asusun jirgin ke tafiya, kuma kashi nawa ake ɗorawa a abin sha. Da amsa ta dawo, wanda ya fi araha a talla ya koma na biyu, domin na tsakiyar ya riga ya haɗa kuɗin hidima a ciki. Shi ya ɗauka, dare bakwai daga Dubai, ya biya komai tun kafin ya tsallaka gadar Ngeli zuwa filin jirgin sama. Na ce kuma tun rana ta uku ya riƙa duba asusunsa a talabijin ɗin ɗaki, kada ya jira daren ƙarshe lokacin da layin teburin baƙi ke kaiwa har bakin matakala. Jiya ya kira ni daga wurin 'yan canji, wai duk hamsin-hamsin gare su, yana neman wanda zai fasa masa zuwa yuro biyar-biyar.