Sit ko WhatsApp, gogewa ko amsawa: ga abin da na gani game da tambayar kafintanmu na Tawa

Salamu alaikum ƴan'uwa. Malam sannu da aiki, Allah shi ƙara albarka ga sana'a.

Ga waɗanda ba su ga tambayar ba, ɗan'uwanmu kafinta ne a Tawa, shina yin gado da armuwar da ƙofofi, ɗan yayansa da ke karatu ya haɗa mishi sit ɗin intanet, ya saka adireshin nan don mu duba, mutane sunka yi ta cewa ba ya buɗewa da wuri, hotunan da duhu, babu farashi. Cikin satin nan kuma wata mata ta rubuta ƙarƙashin hoto a shafinsa na Facebook cewa ƙofar armuwar da ya yi wa ɗiyarta ta tsage tun ba a yi wata uku da biki ba. Shi ne yake tambaya, ya watsar da sit ɗin ya koma WhatsApp kaɗai? Kuma maganar matar, ya goge ko ya bari?

Ni aikina ke nan a Yamai, haɗa wa masu sana'ar hannu shafuka, to bari in ajiye maka su kusa da juna ka gani.

Mu fara da kuɗɗi. WhatsApp Business kyauta ne, tun 2018 yake, kuma a 2019 sunka ƙara mishi katalog, wato wurin da kake jera kaya kowane da hotonsa da farashinsa da bayaninsa, har kaya 500 yake ɗauka, wanda na san ko shekara goma ka yi ba ka cika shi. Abin da kake biya forfe ne kawai, wanda dama kana saye. Shi kuwa sit haya biyu gare shi kowace shekara, ta suna da ta wurin da shafin ke zaune. Sunan da ya ƙare da .com wajen dalar Amurka 10 zuwa 15 ne a shekara, hayar wurin ta fi haka, kuma galibi sai da katin banki ake biya, ga shi ranar da kuɗin ya ƙare ba a sabunta ba shafin ya ɓace, in an daɗe ma wani na iya sayen sunan. Don Allah ka tambayi ɗan yayanka yau, da sunan wa anka yi rajista, imel ɗin wa anka saka, wace rana kuɗin ke ƙarewa. Yaro ne mai karatu, gobe shina iya tafiya Damagaram ko Maradi ko ya canza nimero, kai kuma ka riga ka rubuta adireshin jikin allon ateliyenka.

Sai wa ke zuwa ta ina. Nan ne ainihin maganar take. Uwar amarya da ke unguwarku ba za ta buɗe Google ta rubuta sunanka ba, ƙawarta ce za ta tura mata hoton gadon da ka yi wa wance, ta karɓi nimeronka, ta aiko maka da murya. Mutanenmu da yawa murya sunka fi sabawa da ita fiye da rubutu, kuma ciniki a wurinmu sai an yi ja-in-ja, a rage, a ƙara, a ce albarka, wanga duk a WhatsApp yake yiwuwa, sit ba ya ciniki. Haka ƴan cirani namu na Abijan da Libiya da Aljeriya, wanda ke son a yi wa matarsa kayan ɗaki kafin ya dawo, ta WhatsApp zai same ka, ya ga hoto, ya turo abans ta Nita ko Amana, kana aiki kana tura mishi hoto. Wannan kasuwa babba ce a Tawa, ka fi ni sani.

To amma akwai wani mai saye daban. Darektan makaranta mai son tabul-ban hamsin, ma'aikacin wata ƙungiya da ke zaune ofis a Yamai aka ce ya nemo kafintoci uku a Tawa su ba da debi, wato takardar ƙiyasin kuɗin aiki, mai otel da ke son gadaje goma iri ɗaya. Shi wannan da kwamfuta yake nema, kuma shina son abin da zai nuna wa shugabansa, adireshi tsayayye, hotunan aikin da ka gama, nimeron NIF na haraji in kana da shi, shaidar cewa kana ba da faktir. Hoton statu da ke ɓacewa bayan awa 24 ba ya yi mishi komi. Don irinsa ake riƙe sit. In kana da burin irin wanga aiki, kar ka watsar. In kuma ka san kayan amare da ƙofofin gida ne abincinka kuma sun ishe ka, wallahi ba laifi ba ne ka bar shi, ba kowane kafinta ne ke buƙatar sit ba kuma ba na jin nauyin faɗin haka ko da aikina ne.

Abu ɗaya da sit ya fi, naka ne. Facebook da WhatsApp kamfani guda ne ke da su, kana cikinsu kamar mai rumfa a kasuwar wani. A ranar 4 ga Oktoba 2021 dukansu sun tsaya wajen awa shida a duniya gaba ɗaya. Wannan ma sauƙi ne, abin da ya fi faruwa kullum shi ne a sace nimeron mutum ta hanyar neman lambar nan da ake turowa ta SMS, sai ka ji ana roƙon kiliyanka kuɗɗi da sunanka. Ka shiga saitin WhatsApp ka saka lambar sirri mai lamba shida ta mataki na biyu, minti biyu ne, kuma kar ka ba kowa lambar da ta shigo maka ko da ya ce daga kamfani yake.

Yanzu sukar da anka yi wa sit ɗin. Na buɗe shi ni ma, kuma Malam gaskiya sunka faɗa, sai dai gyaran ba wuya. Nauyinsa daga hotuna ne. Hoton waya ɗaya shina kai mega 3 zuwa 5, an saka su yadda sunka fito daga waya, in shafin farko na da goma to mutum ya ƙona wajen mega 40 kafin ya ga gado ɗaya, ga rezo ɗinmu yadda yake da ka fita tsakiyar gari. WhatsApp shi da kansa yake rage hoto shi ya sa ba ka taɓa jin wanga matsala can ba, a sit kuwa sai an rage da hannu, kowane ya koma wajen kilo 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na mega, ido ba zai ga bambanci a waya ba. Duhun hoto kuwa, a fito da kayan waje da safe ko bayan la'asar, a inuwa, a jingina da bango mai launi ɗaya, a share ƙasa, a kawar da guntayen katako da bokitin gam. A ɗauka daga gaba, daga gefe, sannan kusa-kusa wurin haɗin katako da cikin aljihun armuwar, don mai saye da ya san kaya can yake dubawa. Kuma a cire hotunan kujerun Turkiyya da anka kwaso daga intanet, na ga guda biyu, mutum in ya gane ɗaya ba naka ba ne sai ya yi shakkar sauran duka.

Farashi. Na san dalilin ɓoyewa, kuɗin katako da kontirfilake na hawa kullum, yau ka tambaya a kasuwar Katako ta Yamai gobe ka koma ya canza, ga tsoron maƙwabcin sana'a ya gani ya karya. To a rubuta "daga jikka kaza", a saka girma da santimeta, a faɗi irin katakon, jan katako ne ko fari, fomika ne ko barni, kwana nawa aiki ke ɗauka, nawa ne abans. Wanda bai da kuɗin ya sani tun daga nesa, ku duka kun huta. Sannan maɓalli ɗaya babba a saman kowane shafi, wa.me/227 a bi da nimeronka, mutum ya taɓa ya faɗo kai tsaye cikin WhatsApp ɗinka. Fom ɗin nan na a rubuta suna da imel da saƙo a cire shi, ba wanda zai cika, kai ma ba ka duba imel.

Wasu cikin masu sukar sun ce launin bai yi musu ba, wani ya ce a saka kiɗa, wani ya ce a mai da shi Turanci. Waɗannan ka yi musu godiya ka wuce. Abin da mutum uku huɗu sunka faɗa kowa daban, kuma ya shafi ko mai saye zai iya gani ya kira ka, shi ake gyarawa. Kuma ka lallaɓa yaron, ya yi ƙoƙari, kar ka kai mishi maganar kamar ya yi laifi.

Maganar matar ita ce ta fi damuna, don ba ra'ayi ba ne, kaya ne da ta biya kuma na ɗiyarta ne, a ɗakin aure, ƴan ganin ɗaki na shiga suna fita.

In ka goge, mi za ya faru? A Facebook kana da iko, kana iya gogewa, kana iya ɓoyewa yadda ita da abokanta kaɗai ke gani. A sit ɗinka ma kai ke zaɓen abin da ke fitowa. Amma ita ba ta ɓace ba, ƙila ma ta riga ta ɗauki hoton abin da ta rubuta, za ta tura cikin gurup ɗin mata, na biki da na adashe, wurin da ba ka ciki balle ka kare kanka, kuma labarin ya tashi daga "ƙofa ta tsage" ya koma "ya ci kuɗɗina ya goge maganata". Ka sani kuma in kana kan taswirar Google, wanda nake ba ka shawara ka shiga don kyauta ne, can mai shago ba ya iya goge abin da anka rubuta a kansa, amsawa kawai yake iyawa, sai in zagi ne ko ƙarya ƙarara ya kai ƙara su duba. To gara ka saba da amsawa tun yanzu.

In ka bari ka amsa, duk mai shigowa shafin zai ga ƙorafin, gaskiya ne, kuma da ciwo. Amma zai ga abin da ke ƙasansa. Mai turo abans daga Abijan abin da ke ransa shi ne in abu ya lalace wanga mutum zai ɗauki wayata ko kuwa, kuma hoto ɗari na gado mai ƙyalli ba ya amsa mishi wannan tambaya, amsarka ga matar ita ke amsawa.

Kuma ka fi ni sanin abin da ke tsaga ƙofa. Katakonmu mafi yawa daga ƙasashen kudu yake zuwa, Najeriya da Benin da Gana da Kodibuwa, inda iska ke da laima, ya iso da sauran ruwa a jikinsa, a yanka a haɗa a shafa barni, hunturu ya shigo ya shanye shi. Katako ta faɗi yake tsukewa ba ta tsawo ba, allo mai faɗi na iya rage milimita da dama, in an manne shi ko an kafe shi da ƙusa ta kowane gefe bai da wurin motsi sai ya tsage. Da damina kuma ya kumbura ƙofa ta ƙi rufuwa. Wannan ba mugunta ba ce, amma kuma ba laifin matar ba ne, ita armuwar ta saya ba darasin katako ba. Don haka kar ka fara da bayanin hunturu, kar ka ce yara ne sunka buga, kar ka ce ai arha ta saya.

Ka rubuta gajere ƙarƙashin maganarta, kamar haka: Hajiya ki yi haƙuri, ban ji daɗin wannan ba, zan kira ki yau, in zo in duba, gyaran a kaina yake. Shi ke nan. Sauran a waya, da murya, ba a gaban jama'a ba. Ka je da kanka kar ka aika yaron shago. In ka canza ƙofar ka nemi izininta kafin ka ɗauki hoto, ɗakin matar aure ne, sannan ka dawo ƙarƙashin maganar ka ce an gyara, alhamdulillahi. In ta ga dama ta ƙara wani abu to, in ba ta ƙara ba kar ka matsa mata.

Inda nake cewa a goge shi ne zagin iyaye, ko wanda bai taɓa sayen komi wurinka ba ya zo ɓata suna, shi ma ka ɗauki hoton abin ka ajiye kafin ka goge. Kai kuma ko ranka ya ɓaci kar ka saka hoton kiliya ko nimeronsa kana faɗa da shi, tun 2019 akwai dokar da ke hukunta zagi da ɓata suna ta intanet a Nijar, kuma ko babu doka Tawa gari ne da kowa ya san kowa.

Abin da zan ƙara a sit ɗin da katalog ɗin duka, layi biyu: katakonmu muna barinsa ya sha iska kafin mu yi aiki da shi, kuma in ya tsage ko ƙofa ta karkace cikin wata kaza muna gyarawa kyauta. Kai za ka yanke wata nawa, amma ya ratsa hunturu ɗaya, kuma kar ka rubuta sai ka tabbata za ka cika. Wanda ke ba da komand cikin gaggawa saura sati biyu biki ka faɗa mishi gaskiya tun ranar cewa katakon bai gama bushewa ba, ko ya yarda a yi faffaɗan wuraren da kontirfilake mai kyau wanda bai cika motsi ba, ko ya ɗauka da saninsa, kuma ka faɗa da murya a WhatsApp don ta zauna shaida.

Ka fara da kiran matar yau kafin magariba. In yaron ya rage hotunan ya saka maɓallin, ka sake ajiye adireshin nan, zan buɗe shi da ƙaramar waya ba da wifi ba in gaya maka yadda ya yi.